Ranar da manhaja ta girmi kyamara: yadda kamfanoni ke ɗaure dami da tsayar da lokacin sabuntawa

Ana saura kwana huɗu babbar sallah wani dattijo mai shagon ɗaukar hoto a nan Garwa ya aiko yaronsa ya kira ni. Kawu nake ce masa, tun ina ƙarami shi ke ɗaukar mu hoton makaranta. Na tarar da shi gaban kwamfuta, fanka na kaɗa iska mai zafi, katin kyamara a hannunsa. Ɗan ƙanensa ne ya kawo masa sabuwar kyamara daga Duwala, ya je da ita wani biki a Yelwa, ya ɗauki hoto fiye da ɗari uku, duka a ɗanye, wato tsarin da ake kira RAW, wanda kyamara ke ajiye hasken yadda ta kama shi ba tare da ta dafa ba. Da ya dawo shago, manhajar da ya shekara goma yana aiki da ita ta ƙi buɗe ko guda ɗaya.

"Ɗana, duba mini, kwamfutar nan ciwo ya kama ta."

Na duba, na ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau. Manhajar ce ta girmi kyamarar, ba ta san yarenta ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wa ya ce ta tsaya a nan? Ni dai ban taɓa ta ba."

Tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin tana da amsa, kuma amsar ba a cikin kwamfutar take ba. Akwai mutanen da ke zama a ofis, a Amurka ko Kanada ko Ingila, su yanke cewa wannan siga ta tsaya nan, gyara na gaba sai a siga ta gaba, wannan manhaja a haɗa ta da waccan a sayar tare, wannan a daina sayar da ita kwata-kwata sai haya. Mu a nan sakamakon kawai muke gani. Abin da nake so in warware shi ne lissafin da suke yi kafin su yanke, domin wanda ya gane lissafin ba zai riƙa zargin kwamfutarsa ko kansa ba, kuma zai san inda ya kamata ya sa kuɗinsa.

Zan fi yin misali da kamfanin Adobe, mai manhajar gyaran hoto ta Photoshop, don tarihinsa a buɗe yake kuma sauran kamfanoni sawunsa suke bi ko suke gudu.

Photoshop kansa a matsayin gyara ya shigo kasuwa, irin gyaran da mai tumatir ke ɗora maka a kan kashi. Wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka fara rubuta shi a 1987. Kafin Adobe ya fitar da shi da sunan da muka sani a watan Fabrairun 1990, wani kamfani mai suna Barneyscan ya raba kwafi wajen 200 haɗe da na'urarsa ta kwafar hoto. Na'urar ake saye, manhajar ta biyo baya. Daga baya abin da aka bayar gyara ya zama shi ne hajar.

Daga 1990 har zuwa 2012 cinikin a fili yake: ka sayi faifai a kwali, ka sa a kwamfutarka, ya zama naka. Sigar ƙarshe da aka sayar haka, CS6 ta 2012, kuɗinta dala 699 ne, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wanda kuma ya riga ya mallaki tsohuwar siga yana biyan dala 199 ya hau sabuwa. To a nan matsalar kamfanin take. Manhaja ba buhun masara ba ce da za a cinye a dawo, ba ta tsufa kamar taya, ba ta tsagewa. Wanda ya saya sau ɗaya ba shi da dalilin dawowa sai in an ba shi dalili. Saboda haka dole kowace siga ta zo da wani abu da zai sa mutum ya ce wannan kam sai na samu. A 1994 siga ta 3 ta kawo aiki hawa-hawa, inda kake ɗora rubutu ko wani hoto a kan hoto ba tare da ka ɓata na ƙasa ba. A 2002 siga ta 7 ta kawo burushin da ke share ƙuraje da tabo ya bar fata kamar ba a taɓa ba. A 2010 CS5 ta kawo dabarar goge mutum ko turken lantarki daga hoto, manhajar ta cike gurbin da kanta.

Duba tazarar, tun daga lokacin da aka koma kiran sigogin da sunan CS: CS a 2003, CS2 a 2005, CS3 a 2007, CS4 a 2008, CS5 a 2010, CS6 a 2012. Wata goma sha takwas zuwa ashirin da huɗu ke nan. Ba wai kowace dabara tana nuna daidai a wannan lokaci ba ne. Wata ta nuna tun da wuri amma aka ajiye ta har ranar kasuwa, wata kuma ba ta gama nuna ba aka tsinko ta saboda ranar ta zo. Idan aka matso da tazarar, masu saye su gaji su ce jiya-jiya muka biya. Idan aka nisanta ta, kuɗi ya yanke, masu hannun jari su fara ƙorafi. Kuɗin kamfanin ya zama kamar na manomin auduga: kaka ɗaya mai yawa, sannan dogon rani.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, na akantoci. A ƙa'idar lissafin kuɗi da kamfanonin manhaja na Amurka ke bi a wancan zamani, idan ka sayar da kaya sannan ka ci gaba da ƙara masa sababbin abubuwa kyauta, ana iya ɗauka ba ka gama miƙa kayan ba, don haka ba za ka rubuta kuɗin duka a matsayin cinikin da ya kammala ba. Wannan ya sa ake raba abu biyu da ƙarfi: gyaran kuskure kyauta ne, sabon abu kuwa sai siga ta gaba. Kamfanin Apple ma a 2007 sai da ya karɓi dala 1.99 don kunna wani ƙarfin wayales da ya riga ya kasance cikin wasu kwamfutocinsa, ya kuma danganta hakan da wannan ƙa'ida.

Yanzu mu koma kan abin da ya sami Kawu, domin wannan hanya ce da kusan duk masu manhajar ɗanyen hoto ke amfani da ita. Kowace kyamara tana rubuta ɗanyen hotonta da salon kanta: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, kuma ko cikin gida ɗaya sabon samfuri yakan bambanta da na bara. Dole mai manhaja ya sami kyamarar, ya auna launinta, ya koya wa manhajarsa. Aiki ne na gaske kuma yana cin kuɗi, ban musa ba. Amma shawarar cewa wannan ilimi a sabuwar siga kaɗai za a zuba shi, tsohuwa a bar ta, shawara ce ta kasuwa. Mutumin da ya iya sayen kyamarar sefa dubu ɗari takwas, an san zai iya biyan kuɗin sabuntawa, kuma an kama shi a lokacin da ba shi da zaɓi, ga hotunan amarya a kati, ga dangi na jira. Adobe dai ya bar wata ƙofa: a 2004 ya fito da tsarin DNG da wata ƙaramar manhaja kyauta da ke juya ɗanyen hoto na sabuwar kyamara zuwa abin da tsohuwar siga za ta gane. Da yawa daga masu ɗaukar hotonmu ba su taɓa jin labarinta ba.

Duk da haka akwai waɗanda suka fi damun kamfani: masu tsallake. Mutum ya sayi CS2, ya ƙyale CS3 da CS4, sai a CS5 ya biya dala 199 ɗinsa. Shekara biyar ke nan da biya ɗaya. A ƙarshen 2011 Adobe ya sanar cewa rangwamen hawa CS6 na masu CS5 ne kaɗai, alhali a da ana karɓar wanda ke baya da siga uku. Aka yi ca, ya ɗaga wa masu CS3 da CS4 ƙafa zuwa ƙarshen 2012. Sai a watan Mayun 2013 ya faɗi abin da yake nufi tun farko: babu CS7, babu sauran kwali, daga yanzu haya ce wata-wata da sunan Creative Cloud, dala 49.99 a wata ga mai son manhajojin duka. Abin da muke kira abonma ke nan, irin na Canal+: wata ya ƙare ba ka biya ba, allo ya rufe.

Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardar koke. Kuma da farko kamfanin ya ji jiki: cinikinsa ya sauka daga dala biliyan 4.4 a 2012 zuwa kusan biliyan 4.06 a 2013, ribarsa ta faɗo daga miliyan 833 zuwa miliyan 290. Sun san haka za ta faru, sun gaya wa masu hannun jari su yi haƙuri. A 2024 cinikin ya kai biliyan 21.5. Ba Photoshop kaɗai ya kawo wannan ba, akwai sauran hajojinsu, amma duk wani mai manhaja a duniya ya ga alƙaluman nan, kuma shi ya sa yau har ƙaramar manhajar share bayan hoto a waya ke neman kuɗin mako.

Sai batun dami. Me ya sa ake haɗa manhajar gyaran hoto da ta zane da ta bidiyo a ce sai dai ka ɗauka tare, ko kuma a sa farashin guda ɗaya ya yi tsadar da dole ka ga damin ya fi sauƙi?

Mu ƙaddara mutum biyu a Babbar Kasuwa, alƙaluman na misali ne kawai. Na farko mai ɗaukar hoto ne: zai iya biyan jaka goma don manhajar gyaran hoto, amma ta tsara katin biki ba za ta wuce jaka uku a wurinsa ba. Na biyu mai buga kati da kalanda ne: ta tsara kati jaka goma, ta gyaran hoto jaka uku. Idan ka sayar daban-daban a jaka goma-goma, kowa ya ɗauki ɗaya, ka tashi da jaka ashirin. Idan ka sauke zuwa jaka uku don kowa ya ɗauki biyu, ka tashi da goma sha biyu. Amma ka ɗaure su dami ɗaya ka ce jaka goma sha uku, dukansu za su saya, domin a idon kowannensu damin ya kai haka, ka tashi da ashirin da shida. Ba ka ƙara ko sisi a kuɗin da ka kashe ba. Mai goro in ya haɗa manya da ƙanana a ƙwarya, kowane ƙwaya da ya ƙara daga huhunsa ya fita. Mai manhaja kwafi na miliyan ɗaya bai ci masa komai ba fiye da na farko. Wannan shi ne asalin sirrin: dami yana daidaita bambancin da ke tsakanin masu saye, ya sa a tatsi kowa daidai ƙarfinsa da farashi ɗaya.

Bayan wannan akwai tsare gida. Idan manhajar bidiyo ta zo maka cikin damin da ka riga ka biya, da wuya ka je ka sayi ta wani kamfani ko da ta fi kyau, domin ka ga kamar kyauta ce a hannunka. Mai ƙarfi a cikin damin yana goya raunana. Microsoft ya yi haka da Office tun wajen 1990. Corel na Kanada yana haɗa Photo-Paint cikin CorelDRAW, wanda masu buga takardu daga Marwa har Njamena suka sani kamar yunwar cikinsu, ko da yake da yawansu ba su taɓa buɗe Photo-Paint ɗin ba. Adobe ya ɗaure nasa damin a 2003 da sunan Creative Suite, a 2005 kuma ya sayi abokin hamayyarsa Macromedia a kan kusan dala biliyan 3.4 ya zuba kayansa ciki. Babban damin CS6 ya kai dala 2,599. Da ya so ya sake irin wannan da Figma, wani kamfanin manhajar zane, a kan biliyan 20, hukumomin hana danniya a kasuwa na Turai da Ingila suka tsaya masa, cinikin ya rushe a Disambar 2023.

Damin da ya fi shafar masu hoto shi ne wanda aka fitar a Satumbar 2013, bayan hayaniyar haya: Photoshop da Lightroom, manhajar Adobe ta tacewa da gyaran ɗanyen hoto, tare, dala 9.99 a wata. Abin lura, a lokacin hayar Photoshop shi kaɗai dala 19.99 ce. Abu biyu sun fi abu ɗaya araha. Wanda bai san kasuwa ba zai ce kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Ma'aikacin kamfanin talla ba shi da mafita, ofis ke biya masa, fayilolin abokan aikinsa duk na Adobe ne. Mai ɗaukar hoto kuwa daga aljihunsa yake biya, shi ya fi kowa ihu, kuma a lokacin yana da inda zai koma, akwai Aperture na Apple, akwai Capture One na Danmak. Sai aka yi masa farashinsa daban. Kuma in ka yi lissafi, wanda a da yake biyan dala 199 duk shekara biyu, dala takwas da 'yan kai yake biya a wata, don haka bai ga wani babban canji ba. Mai tsallake ne aka rufe wa hanya.

Sannan Lightroom ba burushi ba ne kawai, rumbu ne. Yana riƙe da jerin duk hotunan da ka taɓa ɗauka, sunayen da ka sa musu, da kowane gyara da ka yi, a cikin kundin da shi kaɗai ya iya karantawa sosai. Wanda ya shekara biyar yana zuba aikinsa ciki, tashi ya zame masa kamar tashin gida da yara da awaki. In ka daina biya ana barin ka ka ga hotunanka ka fitar da su, amma ɗakin gyara a kulle. Apple ya sanar da daina Aperture a 2014. Lightroom 6 na 2015 shi ne na ƙarshe da aka sayar na dindindin. Farashin dala 9.99 ya zauna fiye da shekara goma, sai a Janairun 2025 masu biya wata-wata aka mayar da su 14.99, aka kuma rufe wannan ƙaramin tsari ga sababbin shiga, aka bar musu mai babban rumbun intanet na 19.99. Ana sauke farashi lokacin da kake da hanyar fita, ana ɗaga shi bayan ka yi saiwa. Ban ce zalunci ne kowane lokaci ba, ma'aikata na cin albashi, injuna na cin wuta. Amma mai saye ya san wane mataki yake a kai.

Ita kanta hayar tana da ƙugiya. Tsarin da aka fi tura mutane ciki shi ne alƙawarin shekara amma biya wata-wata, wanda in ka fasa a tsakiya za a caje ka rabin abin da ya rage. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu tana zarginsa da ɓoye wannan tara da wahalar da masu son fita. Wani abin kuma, abin da ke cikin dami ba duka na mai damin ba ne. A ƙarshen 2022, da alaƙa ta canza tsakanin Adobe da Pantone, kamfanin da ke da lambobin launi na masu buga takardu, aka cire yawancin launukan daga manhajojin, wasu suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar launin ya koma baƙi sai sun biya wata haya daban. A Oktobar 2019 kuma aka sanar da mutanen Benezuwela cewa za a rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya a sami izini a fasa. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya wa duk ɗan Afirka a rai: kayan aikinka na iya tsayawa saboda rigimar da ba ka san farkonta ba.

To yanzu da babu kwali, me ke tsayar da lokacin sabuntawa? A zahiri an huta da jiran shekara biyu, ana sakin gyara duk bayan 'yan makonni, babbar siga kuma takan fito wajen Oktoba lokacin taron shekara na kamfanin. Amma dalilin ya juya. A da ana sabuntawa don ka sake saye, yanzu ana yi don kada ka fasa. Kuma akwai agogon wasu da dole a bi. Apple na fitar da sabon tsarin kwamfuta duk shekara, a 2019 ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu 32-bit, abin da ya karya wa masu CS6 da yawa ƙafa, a 2020 ya fara canza ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa gaba ɗaya. Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kowane tsohon tsari da mai manhaja ya ci gaba da tallafawa yana nufin ƙarin ma'aikatan gwaji, sai ya duba alƙalumansa ya ga kashi nawa ne na masu biya ke kan tsohuwar na'ura, in sun yi kaɗan ya yanke su. Ƙaramin ɗan'uwan Photoshop, wato Elements, wanda aka fara a 2001 don masu sha'awa, shi duk shekara yake fita gab da lokacin sayayyar Kirsimeti, kuma daga sigar 2025 lasisinsa na shekara uku ne, ba na har abada ba.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun Mayun 2023 Photoshop ke iya cike hoto da abin da ka rubuta masa. Wannan aiki ba a kwamfutarka ake yin sa ba, a manyan injunan kamfanin ne, kuma kowane dannawa yana ci musu wuta da kuɗi. Ka ga ƙa'idar nan ta cewa ƙarin kwafi ba ya cin komai ta fara karyewa. Shi ya sa aka shigo da ƙidaya, ana ba ka adadi a wata, in ya ƙare ka ƙara kuɗi ko ka hau tsari mai tsada, kamar dai kuɗin data.

Duk wannan lissafi an gina shi a kan wani mutum da ake hangowa: yana da katin banki da ake cirewa kai tsaye, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba a ƙirga masa, yana canza kwamfuta duk shekara huɗu. Ka zo shagon hoto a Rumde Ajiya ko Kusuri ka duba. Kwamfutar ta hannu ce da aka sauke a Duwala bayan ta gama aiki a wani ofis a Turai. A watan Afrilu zafi na haura 40, sai an ɗora ta kan bulo biyu an juya mata fanka. Kuɗin shagon a Orange Money ko MoMo yake, kuma yana zuwa ne da lokaci: sallah, watannin biki, lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC da Bak da yara ke layi don hoto 4x4, lokacin fasfon maniyyata. Sauran watanni sai a hankali. Haya kuwa ba ta san damina ba. Dala 15 a wata ta kama jaka takwas zuwa tara, gwargwadon canji, kuma ko a biya, manhajar na buƙatar leƙa intanet lokaci-lokaci ta tabbatar da lasisi, sabuntawa ɗaya kuma na iya cinye gigabait biyu ko fiye.

Saboda haka mu faɗi gaskiya: mafi yawan abin da ke kan kwamfutocin shagunanmu kwafi ne da aka fasa, ana yawo da shi a filas daga hannu zuwa hannu. Na fahimci dalili, amma ba na yaba shi, kuma ba don tausayin kamfani kaɗai ba. Ni ake kira idan abin ya lalace. Na ga kwamfutar da irin wannan kwafi ya shigo mata da ƙwayar cuta ta kulle hotunan shekara uku, ciki har da na mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda iyalansu ke dawowa neman a sake wanke musu. Kuma a wata fuskar, fasasshen kwafi yana yi wa babban kamfani aiki: kowane yaro da ya koyi sana'a a kansa ya zama ɗan gidan, ba zai kalli wata manhaja ba, ranar da ya yi ƙarfi nan zai kai kuɗinsa. Wanda ake kashewa shi ne ƙaramin mai hamayya da ke sayar da tasa da araha.

Akwai na kyauta na halal, sai dai kowace kyauta a tambayi wa ke ciyar da ita. Google ya sayi kamfanin Nik a 2012 saboda Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya. Tarin kayan gyaran Nik na kwamfuta da ake sayarwa wajen dala 500 ya sauke su zuwa 149, a 2016 ya mayar da su kyauta, a 2017 ya sayar wa DxO na Faransa, suka koma na kuɗi. Affinity Photo, da kamfanin Serif na Ingila ya fitar a 2015, ya yi suna ne da cewa saye ɗaya ne babu haya. Canva na Ostareliya ya saye shi a Maris ɗin 2024, a ƙarshen Oktobar 2025 ya haɗe manhajojinsa uku wuri ɗaya ya ce kyauta ne, amma sai ka buɗe asusun Canva, kuma kayan ƙirƙirarriyar basira na masu biyan haya ne. Gyara ce a kan kashi, irin ta Barneyscan, kuma a yanzu gyara ce mai kyau ƙwarai ga wanda kwamfutarsa za ta ɗauka. GIMP kuwa, da wasu ɗalibai biyu suka fara a Kalifoniya a 1995, ba shi da masu hannun jari, 'yan sa-kai ke gina shi, don haka babu mai matsa masa: tsakanin siga 2.10 ta 2018 da 3.0 ta Maris 2025 shekara bakwai ne. Ba mai kulle maka shi, ba kuma mai yi maka alƙawarin rana. Ga ɗanyen hoto akwai darktable da RawTherapee a kan wannan tafarki.

A waya ma damin ne. Tecno da Infinix da itel sun ci kasuwarmu da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, da gyaran fuska a cikinta tun daga masana'anta. Yau amarya kan zo shago da hoton da wayar ta riga ta goge, ta turo ta WhatsApp ya matse shi, ta ce a wanke mata babba na bango, a kuma ɗan ƙara haske.

Abin da nake gaya wa masu shago shi ne su fara daga aikin da ke kawo musu kuɗi. Hoton kati, share ƙuraje, canza bango zuwa fari ko shuɗi, jera takwas a takarda ɗaya, duk wannan manhajar shekara ashirin da ta wuce tana yi, GIMP ma yana yi. Mai irin wannan aiki ba shi da abin da zai nema a tseren sabuntawa. Wanda ke ɗaukar manyan bukukuwa ko aikin ƙungiyoyi, yana tace hoto dubu a mako, shi haya na iya biyan kanta, amma ya karanta ko alƙawarin wata ne ko na shekara kafin ya danna, kuma ya sa kuɗin cikin farashin da yake ba masu biki. Kafin a sayi kyamara a tambaya ko manhajar da ke shago ta san ta, kafin a karɓi sabuntawa a duba ko kwamfutar za ta ɗauka, kada a yi ana tsakiyar aikin sallah. Mafi muhimmanci, duk aikin da aka gama a fitar da shi a tsarin ajiye hoto na gama-gari, wato JPEG mai cikakken inganci ko TIFF, a ajiye a faifai na waje tare da ɗanyen, wuri biyu in da hali. Waɗannan kowace manhaja na buɗe su, ta kuɗi da ta kyauta.

Shi Kawu, a daren nan muka sauko da manhajar da kamfanin kyamarar ke bayarwa kyauta ga duk wanda ya sayi kayansa, wadda takardarta ke cikin kwalin da bai buɗe ba. Layin ya yanke mana sau biyu, sai bayan sallar isha'i ta gama sauka. Muka juya hotunan zuwa TIFF, tsohuwar manhajarsa ta buɗe su, ya zauna gyara har asuba. Na kuma saita masa kyamarar ta riƙa ajiye kowane hoto iri biyu, ɗanye da JPEG, ya aiki yaron kasuwa da safe ya sayo kati mai girma.